Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Masu Gine-ginen Kasuwanci: A Auna Mintuna Kafin A Sayi Kyamara

Zuwa ga masu manyan kantuna, ɗakunan ajiyar kaya da ofisoshin haya, da manajojin da aka ɗora wa amanar kula da su.

Ranku ya daɗe. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina rubuto muku ne a matsayin wanda ya daɗe yana aikin duba gine-ginen kasuwanci domin gano ta inda ɓarna za ta iya shigo musu. Akwai wani al'amari da nake ta cin karo da shi har na ga gara in faɗe shi a bainar jama'a, tun da faɗa wa mutum ɗaya a ofishinsa bai hana in same shi gobe a ofishin wani ba. Kusan duk lokacin da aka kira ni, sai in tarar an riga an yi sayayya. An kafa kyamarori, an ɗora waya mai ƙaya a kan katanga, an ɗauko masu gadi, sannan ake so in zo in tabbatar cewa wurin ya tsaru. Idan na tambayi dalilin da ya sa kyamara take kallon wannan kusurwa ta bar waccan, amsar da aka fi ba ni ita ce wanda ya sayar da ita ne ya ga ya dace a sa ta nan. Ke nan wanda ribarsa take cikin yawan abin da ya sayar shi ne ya tsara muku tsaro, ku kuma kuka biya ba tare da kowa ya zauna ya tambayi abin da ake tsarewa, da wanda ake tsare shi daga gare shi, da tsawon lokacin da ginin zai iya jurewa kafin agaji ya iso ba.

Tambayar farko tana da sauƙin furtawa, amma na sha ganin masu gini sun yi shiru a kanta: mene ne a cikin wurin nan wanda idan aka rasa shi yau, gobe ba za a buɗe ba? Rayukan ma'aikata da masu shigowa su ne a gaba, wannan babu jayayya. Bayan su, yawancin mutane kan ambaci kaya da kuɗi, alhali sau da yawa abin da zai durƙusar da kasuwanci wani abu ne da ba a taɓa yi masa lissafi ba, kamar ɗakin da wutar lantarki take rarrabuwa daga cikinsa, ko kwamfutar da take riƙe da bayanan abokan ciniki da na basussuka, ko allon da aka rataye makullan gini duka a jikinsa. Kayan da aka sace inshora na iya biya, kuma ana iya sake oda. Ɗakin sanyi kuwa da aka yanke wa wuta dare guda, ko bayanan mutane da suka fita hannu, asararsu tana bin mai ita har bayan an manta da ranar da abin ya faru. Saboda haka nake roƙon a rubuta waɗannan abubuwa a takarda, a jera su bisa girman illar rashinsu, domin wanda bai fifita wani abu a kan wani ba zai watsa kuɗinsa ko'ina daidai wa daida, ya tashi babu inda ya tsare da kyau.

Daga nan sai batun wanda ake tsoro. A shekarar 1979 wasu masana biyu a Amurka, Lawrence Cohen da Marcus Felson, sun bayyana cewa laifi kan auku ne idan abubuwa uku suka haɗu a wuri ɗaya a lokaci ɗaya: mai niyyar aikatawa, da abin da ya dace a ɗauka, da rashin wanda zai iya hanawa. Mai gini ba shi da iko a kan zukatan mutane, amma sauran biyun suna hannunsa, kuma a kansu aikin duba tsaro yake. Sai dai mai niyyar ba iri ɗaya ba ne. Wanda yake wucewa ya ga ƙofa a buɗe ya sunkuci abu daban yake da wanda ya yi makonni yana nazarin lokacin da masu gadi suke canjin aiki, kuma dukansu daban suke da ma'aikacin da yake da makulli a aljihu, ya san inda kyamara ba ta gani. Hasken fitila da kwaɗo mai kyau sun isa su kori na farko. Na biyu sai an haɗa masa da ƙararrawa da mutanen da za su amsa ta. Na uku kuwa katanga ba ta yi masa komai, domin da ɗan gari kan ci gari. Abin da yake tare shi shi ne tsarin aiki, wato kada wanda yake karɓar kaya ya zama shi ne mai ƙirga su kuma shi ne mai rubuta su, kuma a san wanda ya buɗe wace ƙofa a wane lokaci. Ban faɗi haka don a riƙa yi wa ma'aikata kallon ɓarayi ba. Tsari mai kyau yana kare mai gaskiya daga zargi ranar da wani abu ya ɓace, kuma ma'aikatan kirki su ne suka fi maraba da shi.

Hanyar sanin wane ne ya fi kusa da ku a cikin waɗannan tana farawa ne daga abin da ya riga ya faru. Littafin masu gadi, da ƙorafe-ƙorafen 'yan haya, da giɓin da ake samu duk lokacin ƙidayar kaya, da abin da ya sami maƙwabta a 'yan shekarun nan, duk sun fi kowace takardar talla gaya muku gaskiya. Bayan haka sai a taka da ƙafa, kuma ina nufin a taka sau biyu ko uku, da rana lokacin cunkoso, da lokacin tashi, da kuma tsakar dare, domin ginin da kuka sani da hantsi wani gini ne dabam da ƙarfe biyun dare. Na taɓa duba wani ɗakin ajiyar kaya da mai shi ya kashe kuɗi masu yawa a kan babbar ƙofar shiga, har da na'urar da ba ta buɗewa sai da kati. Da na zaga baya da daddare sai na tarar da ƙofar gefe an tokare ta da bulo, kuma bulon ya daɗe a wurin har ya yi wa daɓen shaida. Ma'aikatan dare ne suka sa shi, saboda zafi yana damunsu kuma babu wata iska da take shiga sai ta nan. Babu wanda ya yi da mugun nufi, kuma da an hukunta su da bulon ya dawo bayan mako guda. Abin da wurin yake buƙata shi ne a samar musu da iska, sannan a sa wa ƙofar ƙararrawar da za ta yi kuka idan ta daɗe a buɗe. Irin wannan ba a ganinsa a zanen gini, kuma mai sayar da kyamara ba zai gan shi ba tun da da rana yake zuwa. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, kuma tsagar takan kasance a rufi, ko tagar banɗaki, ko wurin sauke kaya, ko bangon da kuka haɗa da kangon da ba kowa a ciki.

Yanzu zan zo ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami, wato lissafin lokaci. Babu ƙofa, ko kwaɗo, ko akwatin ƙarfe da ba a iya fasawa, kuma masu ƙera su da kansu ba su yi da'awar haka ba. Abin da suke sayarwa mintuna ne. Ma'aunin da ƙasashen Turai suke amfani da shi wajen gwada ƙofofi da tagogi, mai lamba EN 1627, ya kasa su aji-aji bisa tsawon lokacin da za su jure wa mai fasawa da wasu kayan aiki da aka ƙayyade: aji na biyu minti 3, na uku minti 5, na huɗu minti 10, har zuwa na shida da yake da minti 20. Haka ma akwatin ajiyar kuɗi da aka yi wa lambar TL-30 a ma'aunin Amurka, ma'anarta ita ce ƙofarsa ta jure wa ƙwararru masu kayan aiki na tsawon minti 30 a wurin gwaji. Wannan ya nuna cewa tambayar da ta dace a yi game da kowace ƙofa ita ce minti nawa take saya muku, kuma me zai faru a cikin waɗannan mintuna.

Ga yadda lissafin yake. Mintunan da ƙofa take jinkirta ɓarawo ba su fara amfani sai daga lokacin da wani ya san ana fasa ta. Idan ƙofarku tana jure minti 10, amma ƙararrawar tana can cikin ɗaki ba ta kuka sai an riga an shigo, to waɗannan mintuna goma sun tafi a banza, domin ɓarawon ya ci su cikin natsuwa babu wanda ya sani. Idan kuma ƙararrawar ta yi kuka tun daga katanga, amma wanda zai amsa ta yana buƙatar minti 25 kafin ya iso, alhali duk shingayen da suke tsakanin katangar da kayanku ba su wuce minti 12 ba idan an haɗa su, to kun sayi na'urar da za ta sanar da ku lokacin da aka yi muku sata ne kawai, ihu bayan hari. Gyaran ɗaya ne daga cikin uku, ko duka: a gano mai shigowa da wuri tun yana nesa, ko a ƙara shingaye a kusa da abin da ya fi daraja, ko a matso da masu amsawa. Wanne ya fi araha kuma ya fi dacewa ya danganta da ginin, amma ba za a sani ba sai an riƙe agogo an auna, kuma a cikin duk masu ginin da na yi wa aiki, ƙalilan ne suka taɓa gwada kiran masu amsa ƙararrawarsu da tsakar dare don su ga minti nawa za su yi a hanya.

Abin da ya faru a unguwar Hatton Garden ta birnin Landan a hutun Ista na watan Afrilun 2015 ya isa misali. Wasu ɓarayi, yawancinsu dattawa, sun bi ta ramin lif suka sauka ƙasan wani gini da ake ajiyar gwala-gwalai da duwatsu masu daraja, suka huda bangon kankare mai kaurin kusan rabin mita, suka buɗe akwatuna fiye da 70, suka kwashi dukiyar da aka ƙiyasta ta kai fam miliyan 14. Ƙararrawar wurin ta yi aikinta a daren farko, kuma saƙon ya kai ga 'yan sanda, amma aka sa shi a sahun kiran da ba ya buƙatar a tura kowa. Mai gadin da ya zo ya duba daga waje, bai ga alamar fasawa a ƙofofi ba, ya koma. Ɓarayin ma ba su samu shiga a daren farko ba, suka tafi, suka sake dawowa a wani daren cikin hutun suka ƙarasa. Bangon ya ba da sa'o'i masu yawa, na'urar ta yi kuka a kan lokaci, amma igiyar ta tsinke a wurin amsawa, kuma da ta tsinke a nan sai kaurin bangon ya zama ba shi da wani amfani. Ina so kowannenku ya tambayi kansa: idan ƙararrawata ta yi kuka a daren da ake dogon hutu, wa zai ji, wa zai zo, yana da makullin shiga ciki ko a waje zai tsaya, kuma an rubuta masa abin da zai yi ko an bar shi da ganin damarsa?

Kyamara tana da amfani, ba na musun haka, sai dai ita ce abin da aka fi saya kuma aka fi rashin sanin dalilin sayenta. Kyamarar da aka sa don a ga ko akwai mutum a farfajiya daban take da wadda aka sa don a gane fuskarsa, kuma wadda aka ɗaga can sama don ta ɗauki fili mai faɗi ba za ta nuna muku komai ba sai saman hula. Na ga wuraren da aka nemi hoton ranar sata sai aka tarar na'urar ajiyar ta cika ta goge shi, ko agogonta ya yi kuskuren sa'o'i har hoton ya kasa zama hujja, ko fitilar da aka kafa a gabanta ta kashe mata ido. Gwajin ba shi da wuya: a sa wanda ba a sani ba ya bi ta kowace ƙofa da dare, washegari a nemi hotonsa a ga ko za a iya gane shi. Binciken da aka yi kan harin da aka kai zauren Manchester Arena ranar 22 ga Mayun 2017, wanda ya kashe mutum 22, ya gano cewa maharin ya daɗe yana zaune a wani lungu da kyamarori ba su gani, kuma wani daga cikin jama'a ya kai ƙorafinsa ga ma'aikatan tsaro, amma saƙon bai isa ɗakin da ake sa ido ba kafin abin ya auku. Duk wurin da kyamara ba ta kaiwa dole ne a san da shi, a sa shi cikin hanyar sintiri.

Akwai kuma ƙofar da ba a gani da ido. Kyamarori da makullan kati na yanzu a haɗe suke da intanet, kuma da yawa ana barinsu da kalmar sirrin da suka zo da ita daga masana'anta. A shekarar 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta mamaye ɗimbin irin waɗannan na'urori ta hanyar gwada kalmomin sirri na masana'anta kawai. Kafin nan, a ƙarshen 2013, an sace bayanan katunan kuɗi kusan miliyan 40 daga kantunan Target na Amurka, kuma masu kutsen sun shiga ne da izinin shiga da suka sato daga wani kamfanin kwangila mai aikin na'urorin sanyaya wuri. Duk wanda kuka ba hanyar shiga, da makulli ne ko da kalmar sirri, ya zama wani sashe na katangarku, kuma ya kamata a san ranar da aka ba shi da ranar da za a karɓe.

Sai mai gadi, wanda a ganina shi ne aka fi zalunta a cikin wannan harka, kuma zaluncin a kanku yake komawa. Mako yana da sa'o'i 168. Idan kuna son a tsare ƙofa ɗaya dare da rana ba yankewa, kuma kowane mutum yana aikin sa'o'i 48 a mako, kuna buƙatar fiye da mutum uku, idan aka haɗa da hutu da rashin lafiya kuma sai huɗu ko biyar. Wanda ya ɗora wannan aiki a kan mutum biyu ya riga ya amince cewa za a yi barci a ƙofarsa, ko ya sani ko bai sani ba, kuma ba shi da bakin yin fushi ranar da ya same su suna gyangyaɗi. Bayan yawan mutane akwai batun iko. Na sha tarar da mai gadin da aka umarta kada ya bar kowa ya shiga ba tare da rubuta suna ba, amma ranar da ya tsayar da wani babba ko abokin mai gini aka ci masa mutunci a gaban jama'a. Daga ranar ya koyi darasi, kuma duk wanda ya zo da shiga mai kyau da murya mai ƙarfi zai wuce. Dokar da mai gini ba ya bi da kansa ba doka ba ce a idon mai gadi. Ku ba shi umarni a rubuce cikin harshen da yake fahimta, da na'urar sadarwar da aka gwada tana kaiwa daga kowane lungu, da lambar wanda zai kira kuma a ɗauka, da wurin zama mai haske da kariya, da albashi a kan lokaci. Sannan ku tambaye shi ra'ayinsa, domin babu wanda ya san raunin gininku kamar mutumin da yake kwana yana zaga shi.

A ginin da 'yan haya da yawa suke ciki, ɓarna takan shigo ta wuraren da kowa yake ganin na wani ne: matakala, rufi, wurin ajiye motoci, ƙofar baya. Mai gini yana ganin ɗan haya zai kula, ɗan haya yana ganin ai ya biya kuɗin hidima. Wannan a takardar yarjejeniyar haya ake warware shi, a ambaci kowane wuri da sunan wanda yake da alhakinsa, a kuma rubuta cewa duk ɗan hayar da ya tashi za a canja makullansa a soke katunansa a ranar.

Akwai kuskure guda da ya fi duk waɗannan muni, kuma masu tsananin son tsaro su ne suka fi faɗawa cikinsa. Duk abin da ya hana mutum shiga yana iya hana mutum fita. Ranar 25 ga Maris 1911 gobara ta tashi a masana'antar ɗinki ta Triangle da ke birnin New York, mutum 146 suka mutu, yawancinsu 'yan mata, kuma ɗaya daga cikin ƙofofin fita a hawa na tara a kulle take, saboda masu wurin suna gudun a fita da kaya. Kusan shekara ɗari bayan haka, ranar 1 ga Agustan 2004, wuta ta kama babban kantin Ycuá Bolaños a birnin Asunción na ƙasar Faraguwai, aka rufe ƙofofi don kada mutane su fita da kaya ba su biya ba, kusan mutum 400 suka hallaka, daga baya kotu ta ɗaure mai kantin da ɗansa da wani mai gadi. A watan Satumban 2012 fiye da ma'aikata 250 suka mutu a wata masana'antar tufafi a Karachi ta Pakistan, inda tagogi suke da ƙarafa, hanyoyin fita kuma a toshe. A duk waɗannan wurare an yi gudun asarar kaya ne, aka sayi tsaronsu da rayukan mutane.

Ina ambaton waɗannan ne domin har yau ina shiga gine-gine in tarar da sarƙa da kwaɗo a ƙofar gudun gobara, kuma idan na yi magana sai a ce ai makullin yana wurin mai gadi. Ranar da hayaƙi ya cika wuri, wuta ta ɗauke, mutane suna turereniya, babu wanda zai nemo mai gadi, kuma shi ma ba zai nemo makulli ɗaya a cikin talatin a cikin duhu ba. Ba a buƙatar zaɓi tsakanin sata da gobara, domin an daɗe da ƙera ƙofar da ba ta buɗuwa daga waje amma da an tura sandar da take jikinta daga ciki sai ta buɗe, kuma ana iya haɗa ta da ƙararrawa yadda duk wanda ya bi ta nan da kaya za a ji. Makullan lantarki da suke kan hanyar fita dole ne su saki da kansu idan ƙararrawar gobara ta tashi ko wuta ta ɗauke, kuma a gwada hakan a gaban idonku, kada ku karɓi maganar wanda ya kafa su. Tagogi masu ƙarafa a ɗakin da mutane suke aiki suna buƙatar aƙalla hanyar da za a buɗe daga ciki ba tare da makulli ba. Duk tsarin tsaron da ba a nuna wa 'yan kwana-kwana ko masanin gobara ba kafin a aiwatar da shi, ni a wurina bai kammala ba.

Dokoki ma sun fara karkata zuwa ɗora wannan nauyi a wuyan masu wuri. A watan Afrilun 2025 Birtaniya ta kafa dokar da aka fi sani da Dokar Martyn, wadda aka sa wa sunan ɗaya daga cikin waɗanda suka mutu a harin Manchester. Ta wajabta wa wuraren da ake sa ran mutum 200 ko fiye za su taru su tanadi tsarin abin da za a yi idan an kawo hari, ta kuma ƙara nauyi a kan masu ɗaukar mutum 800 zuwa sama. Abin lura shi ne, a matakin farko dokar ba ta tilasta sayen wata na'ura ba. Abin da take nema shi ne ma'aikata su san yadda za a fitar da mutane, da yadda za a shigar da su wuri mai aminci, da yadda za a kulle ƙofofi, da yadda za a sanar da kowa. Ko dokar ƙasarku ba ta kai nan ba, waɗannan tambayoyi huɗu sun shafi gininku, kuma amsa su ba ya cin komai sai zama da atisaye.

Game da wanda zai yi muku wannan bincike, shawarata ita ce kada ya zama mai sayar da kayan da zai ba da shawarar a saya, ko kuma idan babu makawa, a biya shi kuɗin binciken daban a kuma sanar da shi cewa za a iya sayen kayan a wani wuri. Ku nemi rahoto a rubuce wanda ya faɗi kowane rauni, da abin da zai iya jawowa, da gyaransa, da wanda zai yi gyaran, da ranar gamawa. Rahoto na gaskiya zai ƙunshi gyare-gyaren da ba su cin kuɗi, kamar sare reshen da ya hau katanga ko matsar da kwandon shara da ake iya takawa a hau rufi, kuma idan kuka ga duk shawarwarin sayayya ne to ku yi shakka. Zai kuma faɗi haɗarin da kuka zaɓi ku zauna da shi saboda gyaransa ya fi asararsa tsada, wanda ba laifi ba ne muddin da saninku kuka zaɓa kuma kamfanin inshorarku ya san da shi. Wannan takarda taswirar rauninku ce, don haka a taƙaita masu ganinta. A sake duba ta duk shekara, da duk lokacin da aka yi sabon gini, ko ɗan haya ya canja, ko aka sauya irin kayan da ake ajiyewa, ko wani abu ya faru ko da bai kai ga asara ba.

Roƙona gare ku a wannan makon ƙarami ne. Ku zaɓi dare ɗaya ku zo gininku ba tare da sanarwa ba, ku ɗauki mai gadin dare ku zaga tare da shi, ku bar shi ya yi gaba yana nuna muku. Ku tura kowace ƙofar gudun gobara da hannunku daga ciki. Sannan, bayan kun sanar da shugaban masu amsa ƙararrawarku cewa gwaji ne don kada a tayar da hankalin kowa, ku tayar da ita, ku duba agogo, ku rubuta minti nawa aka yi kafin mutum na farko ya tsaya a gabanku.

Na gode da lokacin da kuka ba wannan wasiƙa.

Naku,
Wani mai aikin duba tsaron gine-gine